Abin da Na Koya Kafin In Ɗaga Bulala

 

An ce in yi magana a kan aikin koyarwa, tunda ni ne a cikin ajinmu na maƙale da alli. To, yawancinmu 'yan UPE ne. A 1976 aka kwashe mu zuwa firamare, wasu a ƙarƙashin bishiya muka fara karatu, kuma a 1982 muka shiga sakandare. Mun san yadda aji yake idan ya cika har malami bai san sunan rabinsa ba. Duk da haka, da na fara koyarwa a nan Batagarawa, sai na manta.

Akwai wani yaro ɗan aji ɗaya, kullum sai ya makara, kuma kafin a fita tara ya fara gyangyaɗi. Na yi ta zane shi har zangon karatu ya kusa ƙarewa. Wata safiya ina kan keke a hanyar Dutsin-Ma, sai ga shi yana tura kura cike da jarkokin ruwa. Ashe mahaifinsa ya rasu, shi ke sayar da ruwa tun asuba, sannan ya taho makaranta ko koko bai sha ba. Wallahi ranar kunya ta hana ni kallon fuskarsa. Ban tambaye shi ko sau ɗaya ba. Duka kawai nake yi.

Daga nan na ɗaukar wa kaina alkawari: ba zan hukunta yaro ba sai na san sunansa, sunan unguwarsu, da wanda ke ciyar da shi. Ba na cewa a jefar da horo. Yaro yana buƙatar tsawatarwa, kuma malamanmu da ke zaune a nan sun tsawatar mana, mun gode. Amma ku tuna, su ɗin nan su ne ke zagayawa ɗakunan kwana da dare idan zazzaɓi ya kama ɗayanmu. Wannan ɓangaren ne muke saurin mantawa.

Katsina garin Wali Ɗan Marina ce da Ɗan Masani, kuma kwalejin Katsina ce ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, dukkansu sun riƙe alli kafin mulki. Yau ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a ƙofar gidanmu, amma yaron da ya bar makaranta a aji ɗaya ba zai taka ta ba.

Don haka ina roƙon ƙungiya, daga kuɗin da muke tarawa, a ware wani abu don kokon safe da ƙosai na 'yan aji ɗaya. Ma'aji yana nan da littafinsa, ni zan fara sa hannu.