Tukunyar da ba nama: yadda za ta raini yaro lafiyayye

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku ƴan'uwana rele da kuka taso daga Matankari, Dankasari, Sukukutan, Dogon Kirya, Geceme, Dumega da Kore Mai Ruwa, barkanku da zuwa. Na san kowacce ta bar daka da ɗibar ruwa kafin ta samu zaman nan, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

A daminar da ta wuce na auna damtsen wata yarinya mai wata 14 a wani ƙauye na ƙasar Tibiri, ma'aunin ya tsaya a kan rawaya. Na tambayi uwar abin da ɗiyar take ci. Ta sunkuyar da kai ta ce: "Malama, tun naman layya ba mu sake ganin nama a gidan nan ba. Da me zan gina ta?" Muna cikin maganar sai na hango zogale ya yi kore shar a bakin darni, zabi suna kiwo a bayan gida, ga kuma sauran wake a buhu ana jiran ranar kasuwa. Tambayar wannan baiwar Allah ita ce ta tara mu yau, domin ba ita kaɗai take yin ta ba. A gidaje da yawa na Arewa, nama sai da sallah, ko suna, ko biki.

Amsata a taƙaice ita ce: tukunyar da ba nama tana iya rainon yaro lafiyayye, idan an san abin da za a haɗa a cikinta, kuma idan ba a raba ta da nono da ƙwai ba. Sauran maganata bayanin wannan ne.

Ba mu kaɗai muke rayuwa da ƙarancin nama ba. A ƙasar Indiya akwai miliyoyin mutane da ba su cin nama tun kaka da kakanni saboda addininsu da al'adarsu, amma ba su rabuwa da dangin wake da madara. A ƙasashen Turai kuma akwai waɗanda suka bar duk abin da ya fito daga dabba, har nono da ƙwai, sai dai likitocinsu suna gargaɗinsu da su riƙa shan ƙwayar wani bitamin da zan ambata nan gaba. Su zaɓi suka yi, mu kuwa hali ne ya kawo. Amma jikin ɗan Adam ɗaya ne, abin da yake bukata a can shi yake bukata a nan.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken lafiyar jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa yara 73 cikin 100 masu ƙasa da shekara biyar a Nijar suna da ƙarancin jini. Binciken abinci mai gina jiki na 2022 kuma ya nuna cewa yara 47 cikin 100 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Irin wannan tsumburewa tana farawa ne tun daga ciki zuwa cikar shekara biyu, kuma abin da ya kuɓuce a wannan lokaci yana da wuyar maidowa, a jiki da ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro mai wata 6 zuwa 23 gida takwas. Na farko nonon uwa. Na biyu hatsi, dawa, shinkafa, rogo da dankali. Na uku wake, gyaɗa, kwaruru da riɗi. Na huɗu madara, nono da cuku. Na biyar nama da kifi. Na shida ƙwai. Na bakwai ganyaye masu duhun kore da kayan marmari masu jan ciki, kamar zogale, kuka, kabewa, karas, mangwaro da gwanda. Na takwas sauran kayan lambu da ƴaƴan itace, kamar tumatir, kuɓewa da albasa. Abin da ake so shi ne yaro ya samu biyar daga cikin takwas ɗin nan kowace rana. Ku lura da kyau: nama gida ɗaya ne tak. In babu shi, saura bakwai, kuma mafi yawansu suna cikin gonarmu da garkenmu.

Mu fara da abin da ke gina tsoka, wanda ake kira furotin. Hatsi yana da shi, amma da giɓi. Wake yana da shi da yawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, amma shi ma da nasa giɓin. Abin da hatsi ya rasa yana wurin wake, abin da wake ya rasa yana wurin hatsi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu da suka ƙirƙiro beruwa, da ɗan wake, da shinkafa da wake, da ƙosai da koko, ba su shiga makarantar likita ba, amma sun gano gaskiyar. Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Bai kamata a ce motoci suna lodin wakenmu zuwa kudu, ƴaƴanmu kuma suna shan farin kunu ba.

Ga yadda za ku haɗa garin kunun yaro. Ku ɗebi awo uku na hatsi, awo ɗaya na wake, awo ɗaya na gyaɗa. A tsince su sarai, musamman gyaɗar: duk wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar, domin tana ɗauke da dafin da ke cutar da hanta. A soya waken sama-sama ba tare da mai ba, a ɓarza, a sheƙe ɓawon. A soya gyaɗar, a murje. A haɗa da hatsin a niƙa, a tankaɗe, a zuba cikin mazubi mai murfi. Wajen damawa a bar shi ya dahu sosai, a sa ƙaramin cokali na man gyaɗa, sannan bayan an sauke a barbaɗa garin zogale ko na kuka.

Kaurin kunun shi ne rabin aikin. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, in kika cika shi da tsararo, ruwa kika ba shi. Kunun da ya dace shi ne wanda in kin karkata cokali ba ya tsiyayewa. Yaro mai wata 6 zuwa 8 a ba shi sau biyu ko uku a rana, a fara da cokali biyu ko uku a riƙa ƙarawa. Daga wata 9 zuwa 23, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar mangwaro ko dafaffiyar kabewa. Duk wannan tare da nonon uwa har shekara biyu ko fiye. Kafin wata shida kuwa, nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ƙarawa. A ba yaro nasa kwano, kada a bar shi yana kokawa da yayyensa a akushi ɗaya. Gyaɗa guda-guda kuma ba ta ƙaramin yaro ba ce, tana iya shaƙe shi, sai an daka.

Na biyu shi ne jini. Sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini yana cikin wake, hatsi, daddawar batso, riɗi da ganyaye. Sai dai na tsirrai ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, yana bukatar mai buɗe masa ƙofa. Mai buɗe ƙofar shi ne bitamin C, wanda ke cikin garin ƴaƴan kuka, lemun tsami, gwaiba da ɗanyen tumatir. Ki matsa lemu a kan kwaɗon zogale, ki yanka tumatir a kan beruwa, ki dama kuka a cikin kunu bayan ya huce kaɗan. Jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan, da barin ƙullun koko ya yi tsami, su ma suna sa jiki ya fi amfana. Akwai kuma mai rufe ƙofar, shi ne shayi da kofi. Kada mai ciki ta sha su tare da abinci, ta jira kamar awa ɗaya ko biyu, yara ƙanana kuwa kada a ba su sam. Kanwa mai yawa tana kashe wasu bitamin, kuma waken da aka jiƙa ba ya bukatar ta da yawa.

Na uku shi ne ido da garkuwar jiki. Dundumin da ke kama yaro ko mai ciki da magariba alama ce ta ƙarancin bitamin A. Yana nan cikin zogale, tafasa, lalo, gasaya, yaɗiya, kabewa, mangwaro, da karas ɗin da ake nomawa a garake irin na bakin Tapkin Saw. Wannan bitamin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, shi ya sa kwaɗo da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ya fi ganyen da aka dafa gaya. In za ku busar da ganye don rani, ku shanya shi a inuwa, rana tana cinye amfaninsa. Gishirin miya kuma ya zama mai iyod, wanda ke tsare maƙoƙo yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki.

Yanzu na zo kan abin da nake so kowa ya tafi da shi gida. Akwai bitamin guda, ana kiransa B12, wanda babu shi a wake, babu a zogale, babu a hatsi. Daga dabba kawai ake samunsa: nono, ƙwai, kifi, hanta da nama. Shi ne wanda na ce masu ƙin nama a Turai suna shan ƙwayarsa. Jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba su aiki daidai in babu shi. Uwar da ta rasa shi, nononta ma zai rasa, sai a ga jariri ya yi laushi, ya daina wasa, ya yi jinkirin zama da rarrafe. Saboda haka kada wani ya ce muku zogale ya maye gurbin komai. Zogale abu ne mai albarka, amma ba nono ba ne, ba kuma ƙwai ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙaramin yaro ya samu wani abu daga dabba kullum, ko da kaɗan ne.

Kaɗan ɗin nan bai fi ƙarfinmu ba. Ludayin nono a cikin kunun yaro. Madarar akuya da aka tafasa. Dafaffen ƙwai ɗaya da aka murmushe. Busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka daka aka zuba a miya. Ɗan yankin hanta ranar kasuwa. Fara ma tana gina jiki, in dai ba daga gonar da aka yi wa feshin magani aka kamo ta ba. Abin lura kuma, lokacin da rumbu yake yin ƙasa a damina, lokacin ne zabi suke zuba ƙwai, dabbobi suke samun ciyawa nono ya ƙaru, ganye kuma ya rufe daji. Kafin a kai ƙwan zabi bakin hanya, a cire na yaro da na mai ciki. Sayar da ƙwai a sayo dunƙulen ɗanɗano asara ce. Zancen da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata ko jinkirin magana ba shi da tushe. Ƴaƴan birni suna cin ƙwai kullum, ba su fi namu sata ba, ba kuma su fi namu jinkirin baki ba.

Ku iyaye mata, kada ku manta da kanku. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai ciki ta ƙara ci ɗaya a kan abin da ta saba, mai shayarwa ta ƙara biyu, kuma furarta ta ji nono, kada ta zama ruwa zalla. Ku je awo, ku sha ƙwayar ƙarin jini kullum kamar yadda aka ce, domin abinci kaɗai da wuya ya ishi mai ciki. Ku kai yara su karɓi bitamin A duk wata shida daga wata 6 zuwa 59, da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya, da maganin rigakafin zazzaɓin sauro na damina. Zazzaɓi da tsutsa suna shanye jinin da muka sha wahalar ginawa.

Ku kuma ƴan'uwana rele, aikinku uku ne. Na farko, in kun shiga gida, ku tambayi abin da yaro ya ci jiya tun safe har dare, ku ƙirga da yatsu tare da uwar, in bai kai biyar ba ku duba abin da ke cikin gidan kafin ku ambaci kasuwa. Na biyu, ku zauna da magidanta da kaka, kafin ƴan kasuwa su iso, ku roƙe su su ware waken gida da gyaɗar gida. Kowa ya san yadda ake sayarwa da araha da kaka, a dawo a saya da tsada da bazara. Ku ja kakanni mata a jiki, domin a gidaje da yawa su ne masu rabon tukunya. Na uku, ku koya wa kowace uwa awon damtse. Kore lafiya. Rawaya, wato milimita 115 zuwa 125, a kai yaro likita ba da jinkiri ba. Ja, wato ƙasa da 115, ko kumburin ƙafafu biyu, tamowa ce mai tsanani, a tafi ran nan. Irin wannan yaro kunun gida ba ya isarsa, sai da magani da abincin musamman da ake bayarwa a likita, kuma nasa ne shi kaɗai, ba a raba shi da sauran yara.

Yarinyar da na fara ba ku labarinta, an kai ta likita an duba ta. Uwarta ta riƙe tiya biyu daga waken nan, ta kuma roƙi maigidan ya bar mata ƙwan zabuwa ɗaya. Da na koma bayan wata biyu, ma'aunin ya shiga kore, kuma har ranar ba a yanka ko kaza a gidan ba.

Yanzu ga turmi, ga hatsi da wake da gyaɗa mun tanada. Ina roƙon iyaye biyu su taso mu haɗa garin nan tare, kowa ya ga kaurin kunun da idonsa. Mai tambaya kuma ta yi, kada ta ji kunya.