Jawabin Shugabar Mata: Sola a kan rufi ko wutar layi?

 

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya gagari yawancinmu, yanzu duk unguwar da kika shiga sai kin ga farantan sola a kan rufi. Ni ma na saka, ba zan ɓoye muku ba. Alhamdu lillahi yara na karatu da dare, fanka na juyawa. Amma fa sai da na sayar da 'yan kunnena na gwal, kuma ga batirin har ya fara sanyi, wani kuɗin ke jirana.

To wadda ke gidan haya fa? Rufin ba nata ba ne. Mai ƙanƙara da zoɓo so take firizarta ta kwana a kunne. Mai markaɗe kuwa, ƙaramar sola ba za ta ja injinta ba. Waɗannan wutar layi suke buƙata, mai ƙarfi, mai araha.

Kuma wutar layin ba sai da gas ba. Madatsar Kainji tun 1968 take ba mu wuta da ruwa, ga ta Zungeru a jihar Neja, megawat 700. A Challawa ta Kano an buɗe tashar sola mai megawat 10 a 2023. Ranar da ke dukan rufina ita ke dukan can, sai dai can a tare aka saya, kuma in abu ya lalace gyaran ba a wuyan mace ɗaya yake ba.

Amma kun tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna? Kwana da kwanaki Arewa na cikin duhu, gidan masu sola muka riƙa kai cajin waya. Shi ya sa ban raina ta rufi ba. Ɗakin haihuwa na asibitin unguwa kam dole a saka masa, a daina karɓar haihuwa da tocilan.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. Saboda haka in ɗan takara ya zo yana raba fitilar sola, ko namu ne, ki karɓa ki yi godiya, sannan ki tambaye shi: ina maganar taransifomarmu, ina mita, wace tasha zai gina?

Shugabannin mazaɓu, kowacce ta turo min sunayen unguwannin da taransifomarsu ta mutu kafin Asabar. Allah Ya bar zumunci.