Kashi 2 Cikin Ɗari Ba Ƙaramin Abu Ba Ne

Yau maganar kuɗin tsufa za mu yi, musamman ladan da kamfanoni suke cira saboda suna juya mana ajiyarmu.

Da yawa cikinmu malaman makaranta ne ko ma'aikatan asibiti. Bisa dokar fansho ta 2014 a Najeriya, ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashi, wurin aiki ya ƙara kashi 10. Waɗansu kuma sun sa kuɗi a asusun zuba jari na haɗaka. Kowa yana tambayar riba, amma da wuya a ji mai tambayar lada.

Bari mu yi misali. A ce mutum ya ajiye naira miliyan 1, tana kawo ribar kashi 10 kowace shekara. Bayan shekara 30 za ta kai wajen miliyan 17.4. In kuwa ana cire ladan kashi 2, riba ta koma kashi 8, abin da zai tarar miliyan 10 ne da 'yan kai. Fiye da miliyan 7 sun tafi! A shekarar farko bambancin naira 20,000 ne kacal, shi ya sa ba ma ji a jikinmu. Amma abin da aka cira iri ne, ba hatsin tuwo ba. Da an bar shi, da ya haifa, 'ya'yansa ma su haifa. Kuma daga dukan ajiyar ake cirewa, ko an ci riba ko an faɗi.

A Amurka, attajiri Warren Buffett ya yi fare a kan wannan magana (ba caca muke koya muku ba). Daga 2008 zuwa 2017, asusu mai arha da ya zaɓa ya ƙaru da wajen kashi 126, matsakaicin asusun ƙwararru masu tsada kuwa wajen kashi 36.

Ba mu ce ma'aikaci bai cancanci ladansa ba, amma mu san nawa ne. Hukumar PenCom tana ƙayyade ladan kamfanonin fansho, kuma tun Nuwamba 2020 ma'aikaci yana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Masu asusun haɗaka, kafin ku sa hannu ku ce a rubuta muku ladan shekara a naira, da na shiga, da na fita kafin lokaci. Wanda karatun takardar ya yi masa wuya, ya nemi ɗan'uwa mai sanin lissafi su duba tare.