Lambar da ta Gagari Rabo



Mu fara daga bakin ruwa. Masunta sun dawo da karfasa goma sha biyu: mutum biyu, uku, huɗu ko shida za su raba daidai. Idan sha uku ne fa? Sai dai mutum ɗaya ya kwashe, ko mutum sha uku su ɗauki ɗai-ɗai. Irin wannan lamba nake kira gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 11, 13. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, Yuklid na Iskandariya ya kafa hujja cewa ba su da iyaka.

Suna da dangi-dangi. Akwai tagwaye, masu tazarar biyu, kamar 11 da 13. Akwai dangin Mersenne, malamin Faransa da ya rasu a 1648: a jera biyu ana ninkawa, sannan a cire ɗaya. Biyu a jere sau uku sun ba da 8, a cire ɗaya, saura 7. Sharaɗi ne adadin jerin ya zama gagara-rabo, amma hakan bai wadatar ba: jeri 11 yana ba da 2047, wato 23 sau 89. Kowace ɗaya daga wannan dangi tana haifar da cikakkiyar lamba, irin 6 da 28, wadda idan aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai su koma ita.

A watan Oktoban 2024, Luke Durant na Amurka ya gano ta 52 da aka sani a dangin Mersenne: biyu a jere sau 136,279,841, a cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Wanda zai karanta ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci, zai haura shekara da wata uku.

Wani zai ce ina amfanin gagara-rabo? A 1977, shekarar da aka fara gina madatsar ruwanmu ta Lagdo a kan Binuwai, wasu masana uku a Amurka suka fito da kullen RSA. Ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, warware su kuwa jan aiki ne. Da irin wannan kulle ake tsare saƙonni da kuɗi a intanet, kodayake lambobinsa ba su wuce alƙaluma ɗaruruwa ba.

Ɗalibaina, lissafi gadonmu ne. Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine, ya wallafa littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yanzu ga jami'a a Garwa tun 2022. Har yau ba wanda ya tabbatar ko tagwayen gagara-rabon nan suna da iyaka. Tambayar tana nan tana jiran mai ita, kuma ba abin da ya hana ya fito daga cikinku.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.