Tsohon Harshe da Sabuwar Manhaja: Lacca a kan Girka Kayan Aikin Kimiyya a Kwamfuta



Abin da zan yi magana a kai yau ya sha hana masu bincike barci, watau a samo manhajar lissafi a yi nufin girka ta a kwamfuta, ita kuwa ta ƙi zama. Galibi akan ɗora laifi kan na'ura, alhali kuwa saɓani ne tsakanin bugun harshen da aka rubuta manhajar da shi da bugun da ke cikin na'urar.

Bari mu ɗauki harshen Python, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. A 2008 aka fito da Python 3, aka sake wasu ƙa'idojinsa da gangan, har abin da aka rubuta da Python 2 ba lalle ne ya yi aiki a cikinsa ba. Mutane suka yi ta jan ƙafa, suka liƙe wa bugu na 2.7, har ran 1 ga Janairu, 2020, da aka daina kula da shi. Kafin nan ma, a 2019, NumPy, wadda yawancin lissafin kimiyya a wannan harshe ya dogara a kanta, ta fitar da bugu na 1.17 wanda ba ya karɓar Python 2. Saboda haka mai tsohon harshe in ya nemi sabuwar manhaja sai ta ƙi shi.

Mai sabon harshe ma bai tsira ba. A 2023 bugu na 3.12 ya cire distutils, abin da tsofaffin manhajoji da yawa ke girka kansu da shi, sai suka dinga tsayawa tun a matakin farko.

To, manhajar da ta ƙi girkuwa ta yi maka gata, domin ta sanar da kai akwai matsala. Wadda za a ji wa tsoro ita ce wadda ta zauna lafiya tana ba da amsar da ba daidai ba. Alal misali, a Python 2 in ka raba 7 da 2 za ka sami 3, domin yakan yar da guntun. A Python 3 kuwa 3.5 za ka samu. Ɗalibin da ya ɗauki lissafin da aka rubuta don sabon bugu ya gudanar a tsoho, yana iya cika kundin digirinsa da alƙaluma na kuskure, na'ura kuwa ba ta ce masa uffan ba.

Mene ne magani? Da fari, tambayi na'ura bugun da take da shi, sa'an nan ka duba wanda marubucin manhajar ya ambata. Na biyu, karanta saƙon kuskure tun daga layinsa na ƙarshe, domin a nan dalilin yakan fito. Na uku, kada ka taɓa Python ɗin da ya zo tare da na'ura, don wasu ayyukanta sun dogara da shi. Keɓe wa kowane bincike ɗakinsa da venv ko conda; ita conda har tana ba ka damar zaɓen bugun harshen. Na huɗu, bayan girkawa gwada manhajar da lissafin da ka riga ka san amsarsa.

Daga ƙarshe ina roƙon malamai masu duba kundi su riƙa neman ɗalibi ya rubuta bugun harshe da na kowace manhaja da ya yi aiki da ita, kamar yadda yake rubuta bugun littafi. Ta haka ne wanda ya zo bayan shekara 10 zai iya maimaita lissafin ya ga ko ya tabbata.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.