Matambayi Ba Ya Ɓata: Jawabi Ga Masu Shirin Tafiya Karatu Ingila



An nemi mu da muka taɓa zaman karatu a Landan mu yi wa masu shirin tafiya bayani a kan abubuwa biyu, watau hanya da abinci. Wani zai ce ai waɗannan ƙananan al'amura ne. To, mu dai mun ga ɗalibin da ya kusa rasa jarrabawa don ya shiga jirgin da ba nasa ba, mun kuma ga wanda ya rame ya lalace alhali abinci na kewaye da shi. Dukansu ciwonsu ɗaya ne: kunyar tambaya.

Bari mu fara da hanya. A gida Bahaushe da rana yake gane gabas, kuma in ya ce ya fuskanci gabas, alƙibla yake nufi. A Landan wannan lissafi ya rushe, gama alƙiblar can tana kudu maso gabas ne, ga shi kuma gajimare kan rufe rana kwana da kwanaki. A watan Disamba tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba rana ta faɗi, wanda ya jira la'asar irin ta gida sai ya tarar magariba ta wuce shi. Saboda haka ranar da kuka sauka ku nemi jadawalin salla da sanin alƙibla, ko a waya, ko a masallaci irin babban nan na Regent's Park da aka gama ginawa a 1977.

Haka kuma tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama, su kuwa Ingilishi har gobe hagu suke bi. In za ku ƙetare titi, ku fara duban dama. Wannan magana ce ta rai.

Sai jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara buɗewa a 1863. Taswirarsa ta samo asali daga zanen wani ma'aikaci, Harry Beck, da aka buga a 1933. Kowane layi da launinsa: Central ja, Northern baƙi, Piccadilly mai zuwa filin jirgin sama na Heathrow shuɗi. Amma fa taswirar jerin tashoshi take nunawa da wuraren canjin jirgi, ba ruwanta da ainihin nisa. Mun taɓa sayen tikiti muka sauka can ƙasa don mu je Covent Garden daga Leicester Square, ashe tsakaninsu bai kai mita 300 ba, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa. Da mun tambayi ma'aikacin da ke tsaye a bakin ƙofa, da ya nuna mana da yatsa. Yau ga taswira a wayar kowa, amma waya caji kan ƙare mata, baki kuwa yana nan.

Yanzu mu koma ga abinci. Makonmu na farko burodi da shayi da dafaffen ƙwai muka yi ta ci, don tsoron kada mu ci naman alade. Tsoron yana da hujja. Duk inda kuka ga an rubuta ham, ko bacon, ko pork, ko lard, alade ne ko kitsensa. Abin da suke kira black pudding da jini ake yinsa, ko da yake sunan ya yi kama da na kayan zaƙi. Hamburger kuwa daga birnin Hambog na Jamus ya samo suna, galibi naman shanu ne, tambayar da ta rage ita ce ta yanka. Doka ta sa a rubuta abin da ke cikin abincin kwali da na gwangwani, sai ku karanta. Kifi da soyayyen dankalinsu ma ku tambayi irin man da aka soya da shi. Mahauta masu naman halal suna da yawa a unguwanni irin su Whitechapel, doya da manja kuma ana samu a Peckham.

Sai dai akwai bambanci tsakanin abin da addini ya hana da abin da harshe bai saba da shi ba, kuma a nan yawancinmu muke tuntuɓe. A 1352 Ibn Battuta ya sauka Walata, kan hanyarsa ta zuwa Mali. Aka karrama shi da dakakken gero haɗe da zuma da nono a cikin ƙwarya, watau ɗan'uwan furarmu. Sai ya raina liyafar, har ya yanke cewa ba wani alheri a wurin mutanen. Mu da muka san darajar fura, ai wannan labari kan ba mu haushi. To, haka mai masaukinku zai ji in ya ajiye muku dafaffen kabeji, ko cuku mai wari, ko miyar da ba barkono, kuka yamutse fuska tun ba ku ɗanɗana ba. Abin da ya haramta ku ƙi shi cikin ladabi, ku faɗi dalili tun kafin a ɗora tukunya. Abin da ya halatta kuwa ku yi bisimilla ku ci, ko loma uku ce. Yawancin abokan da muka yi a can a kan tebur muka same su, su ne kuma suka nuna mana lungunan gari da ba su cikin taswira.

Alhaji Abubakar Imam, da ya ziyarci Ingila a 1943, ya sa wa littafin tafiyarsa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Wanda ya kulle kansa a ɗaki da garin kwakinsa na shekara uku zai iya dawowa da digiri, amma ƙasar da ya zauna bai san ta ba. Ku riƙe yajinku da kukarku don ranar kewar gida, in doka ta yarda a shiga da su. Sauran ranaku kuwa ku fita, ku tambaya, ku ɗanɗana.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya. Wassalam.