Ƙararrawar Gobara da Kiran Ƙarya: Wace Doka Ta Dace da Karkarar Arewacin Kano?



Wanda ya bi hanya daga Dawanau zuwa Bichi, ko daga Gezawa ya ratsa Minjibir ya ɓulla Dambatta bayan an gama kaka, ya san irin zaman da muke yi. Gona ta zo har gindin danga, gida na jingine da gida, rumbu na tsakar gida, harawa na bisa rufi da rassan itatuwa, karan dawa kuma an tsayar da shi a bayan ɗaki. Ga ɗan bumburutu da jarkokinsa a bakin kasuwa. Idan iskar hunturu ta taso, garwashi ɗaya ya isa ya tashi unguwa. Amma har yau ƙararrawarmu ita ce ihun "Gobara! Gobara!", sai lasifikar masallaci, sai wayar hannu.

Ihu yana amfani da rana. Da dare fa, mutane na barci, wa zai yi shi? A watan Nuwamban 2015 wuta ta tashi da dare a ɗakin kwanan Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Jogana, a ƙaramar hukumar Gezawa. Ɗalibai 7 suka rasu, kuma rahotanni sun nuna cewa akasarinsu a turmutsitsin neman ƙofa ne. Allah ya jiƙansu. Amfanin na'urar jin hayaƙi ke nan: ta tashi mutum tun wuta tana ƙarama, ya fita a natse.

Duk da haka ba na kiran a tilasta wa kowane manomi saka na'ura a ɗakinsa. Dokar da ba wanda zai iya bin ta, raini kawai take jawo wa hukuma. A fara da inda jama'a ke kwana da yawa: makarantun kwana, manyan tsangayu, asibitocin da ake kwantar da marasa lafiya. Sai shagunan hatsi na kasuwanni. A nan kansila ba ya buƙatar jiran Abuja, domin Tsarin Mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kula da kasuwanni da tashoshin mota a hannun ƙananan hukumomi. Ana iya sa sharaɗin a cikin takardar hayar rumfa. Makarantun jiha kuwa sai an haɗa kai da ma'aikatar ilimi.

Sai dai na'urar ma tana ƙarya, kuma a ƙasarmu dalilan ƙaryarta sun fi yawa. Ita ba ta san wuta ba, abin da ke yawo cikin iska take ji. Ƙurar hunturu, hayaƙin murhu, turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, har ƙananan ƙwari da ke shiga cikinta, duk suna iya sa ta kuka. Idan ta tashi ɗalibai sau biyu sau uku a banza, wani zai hau kujera ya cire batirin, shi ke nan an koma gidan jiya. Don haka dokar ta faɗi irin na'urar da wurin da za a saka ta: mai jin zafi a madafa, mai jin hayaƙi a ɗakin kwana, mai aiki da batir tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Ta kuma ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa a rubuce, alhakin gwada ta da share mata ƙura. Na'urar ba ta da amfani kuma idan an garƙame ƙofa da kwaɗo daga waje.

Ɗaya ɓangaren shi ne kiran ƙarya ta waya. Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, cikin rahotannin da take fitarwa wata-wata, takan ware adadin irin waɗannan kiraye-kiraye. A birni asarar mai ce da lokaci. A karkara ta wuce haka, domin motar da aka yaudara zuwa wani ƙauyen Kunchi ta yi nisa da wutar gaske da za ta iya tashi a Makoɗa.

Wasu za su ce a yi yadda ake yi a Ingila. A Landan an fara cajin masu gine-ginen da ƙararrawarsu ke yawan kiran banza a 2014, kuma daga Oktoban 2024 'yan kwana-kwanan birnin ba sa fita da rana zuwa akasarin gine-ginen da ba na kwana ba, sai wani ya kira ya tabbatar da wutar. Su na'urori ne suka yi musu yawa. Mu kuwa matsalarmu jinkirin kira ce: sai an gaji da bokiti, sannan a tuna da hukuma. Idan baƙauye ya ji ana cin tara, ba zai sake kira ba.

Shi ya sa dole dokar ta raba mutum biyu. Wanda ya hango hayaƙi ya kira da zuciya ɗaya, ashe yayi ake ƙonawa a gona, a yi masa godiya. Wanda ya kira don shaƙiyanci, dokar laifuffuka ta riga ta tanadi hukuncin bai wa ma'aikacin gwamnati labarin ƙarya da gangan, kuma layukan waya yanzu da rajista suke. Tsakanin biyun akwai masu unguwanni da dagatai: a ajiye lambobinsu a ofishin kwana-kwana, mota ta kama hanya, ana tafe ana kiransu don tabbatarwa. Kada a ce sai sun amsa za a tayar da mota.

Masu girma kansiloli, roƙona gare ku shi ne ku kai wannan magana zauren majalisunku, ku fara da ɗakunan kwanan 'ya'yanmu, kafin hunturu mai zuwa ya kama.